Jawabin Magatakarda: Ladabin Cinikin Gwal da Sanya Shi



Zan yi magana ne a kan gwal da duwatsun ado, domin yawancin ƙarar da ta zo ofis bana daga nan ta fito. Kusan duk iri ɗaya ce: an sayi sarƙa a Sokode da sunan gwal, an kai wa maƙeri a Dapaong ya goga a dutse, sai ga ruwan gwal. Mai sayarwa kuma ya rantse shi ma haka aka sayar masa.

Don Allah mu riƙa kiran kaya da sunansa. Hatimin 750 karat 18 ne, 875 karat 21, 916 kuma karat 22, amma hatimin ma ana buga na jabu, saboda haka a gwada kafin a biya. A yi awo mai saye yana kallon sikeli, a cire nauyin dutsen da ke jiki, kada ya sayi kwalba a farashin gwal. Murjani ko aƙiƙ in na roba ne, a faɗa. Wajen musayar tsoho da sabo, malamai sun ce gwal da gwal sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Mafi sauƙi, a sayi tsohon a biya, sannan a yi cinikin sabon.

Akwai wanda ya fi damuna. Mace ba ta ciro 'yan kunnen aurenta ta kawo kasuwa don daɗi. In ta zo, a ja ta gefe, a sassauta murya, kada a karya mata farashi don an ga idonta ya yi ja. Kuma kada gobe a ji labarinta a tasha.

Hajiyoyi, ranar biki ko lokacin Gadao-Adossa a nan Sokode, ku caɓa ado son ranku. Gidan makoki dai ba wurinsa ba ne, hanya ma haka. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a watan Yunin 2022, duk mun san yadda tafiyar arewa ta koma. A tuɓe awarwaro kafin a shiga mota, rasit kuma yana kusa saboda 'yan duwan a Sinkase. Mu maza, zoben azurfa ya ishe mu.

Sikeli da dutsen gwaji suna ofis, kyauta ne ga duk mai katin ƙungiya.