Enzayim a Abincin Kajin Nama: Amfaninsa da Iyakarsa

Abinci ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin da mai kiwon kajin nama yake kashewa, domin yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, saboda haka duk dabarar da za ta sa kaza ta ƙara amfana da abin da ta ci ta cancanci a dube ta da idon basira. Enzayim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta narkewar abinci a cikin hanji, har ya zama ƙananan sassa da jiki zai iya tsotsewa. Kaza tana samar da nata, sai dai akwai abubuwa a cikin hatsi da dusa waɗanda nata ba ya iya narkarwa, sai su fita tare da kashi alhali an biya kuɗinsu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fosfarus, sinadarin da ƙashi ke buƙata kafin ya yi ƙwari. Kimanin kashi biyu cikin uku na fosfarus ɗin da ke cikin masara da waken suya a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda bayan hana kaza fosfarus yakan kuma riƙe kalsiyam da zinki, shi ya sa masu haɗa abinci suke zuba garin ƙashi ko fosfarus na kanti mai tsada. Enzayim ɗin da ke kwance wannan ɗauri shi ne fayitez, wanda ya shiga kasuwa a shekarar 1991 a ƙasar Holan da sunan Natuphos, an kuwa samo shi ne daga wani nau'in funfuna. Abin lura shi ne, dokar rage fosfarus ɗin da kashin dabbobi ke gurɓata ruwa da shi ce ta fara buɗe masa kasuwa a can, sannan daga baya aka rungume shi saboda rage tsadar abinci.

Bayan fayitez, rukuni na biyu shi ne na enzayim ɗin da ke narkar da harzar hatsi, kamar zayilanez da ake sa wa abincin da aka haɗa da alkama, da gulukanez da ake sa wa na sha'ir. Waɗannan hatsi biyu suna ɗauke da wata harza mai narkewa a ruwa wadda ke sa abinci ya yi yauƙi a hanji, sai narkewa ta yi jinkiri, kashi ya yi ruwa, shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, tafin ƙafar kaji ya yi gyambo. Masara ba ta da irin wannan harza da yawa, don haka kuskure ne mai kiwo a Kano ko Zariya, wanda masara ce ginshiƙin abincin kajinsa, ya sa ran ganin irin sakamakon da aka samu a Turai. Inda enzayim na wannan rukuni yake biyan kuɗinsa a nan shi ne lokacin da masara ta yi tsada aka koma ƙara dusar alkama ko ta shinkafa, domin a nan ne akwai abin da zai kwance, kuma a nan ne ake ganin raguwar abincin da kaza ke ci kafin ta ƙara kilo ɗaya, wanda shi ne ma'aunin gaskiya na girma.

Enzayim ba magani ba ne, ba ya kuma gyara ruɓaɓɓen abinci, domin dafin afalatoksin da ke cikin gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna yana nan daram ko da an zuba fayitez. Tsananin zafin injin curin abinci da ajiya a ɗaki mai zafi da laima suna iya rage masa ƙarfi. Haka kuma wanda ya zuba fayitez ba tare da ya rage garin ƙashi ko ya sake lissafin haɗin ba, ya ƙara wa kansa kuɗi ne kawai.

Ya kamata mai kiwo ya tambayi dillali wane enzayim ne a cikin buhun, kuma wane hatsi aka yi shi dominsa, sannan ya raba kajinsa gida biyu, ya ba ɗaya abinci mai enzayim, ɗayan kuma marar shi, ya auna abinci da nauyi kowane mako kafin ya saya da yawa.