SUNAN DA MUKE AMSAWA
Jawabi a Bikin Cika Shekara Hamsin na Ikkilisiya



Iyayenmu sun fara sujada a nan Kuberi tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Ba su da yawa, ba su da dukiya. Abin da suka bar mana gado shi ne suna: Kirista.

Manzo Bitrus ya rubuta wasiƙarsa ta fari zuwa ga masu bi da suke warwatse a ƙasar da ake kira Turkiyya yau, tsiraru a tsakanin maƙwabtansu, kamar mu. Bai ce su yi faɗa ba, bai kuma ce su ɓuya ba. Ya gargaɗe su su yi zaman kirki, har mai zarginsu ya rasa abin kamawa. A wurinmu wannan yana nufin mudun gaskiya a kasuwar Jega, da biyan bashi a kan lokaci. Maƙwabcinmu Musulmi ba ya jin wa'azinmu na Lahadi, amma yana ganin awonmu.

Cikin gida fa? Bulus ya mai da Onisimus, bawa, wurin ubangijinsa Filimon, ya roƙa a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. To, mai gonar albasa da ɗan ƙodagonsa, dukansu suna cikinmu. Idan an hana yaro kuɗin aikinsa ran Asabar, da wace fuska za mu miƙa masa ƙoƙon Jibin Ubangiji ran Lahadi? Bulus ya tsauta wa Korintiyawa ƙwarai domin masu hali suna ci su ƙoshi, matalauta suna zaune da yunwa.

Mu faɗi gaskiya, gama ranar biki ba ta hana gaskiya. A zaɓen dattawa mukan ji ana raɗa: wannan Badakkare ne, wancan Bakambare, wancan kuwa baƙo ne daga kudu. Mu fastoci ma mun sha yin shiru inda ya kamata mu yi magana. Wasiƙar Galatiyawa ta riga ta rushe wannan katanga tsakanin Bayahude da Baheleni, baftisma ɗaya aka yi mana.

Saboda haka, bayan sujadar yau, Zumuntar Mata sun shirya tuwo. Muna roƙo kada kowa ya nemi 'yan garinsu. Ka zauna da wanda ba ka taɓa sa hannu a akushi ɗaya da shi ba, dattawa kuma su ne za su raba ruwan sha.