Birnin Riyad Da Matsalar Wurin Ajiye Motoci

Duk wanda ya sayi mota, tafiya yake tunani. Amma masana shirin birane sun daɗe da lura cewa mota ta fi daɗewa a tsaye. Wani shehun malami Ba'amurke, Donald Shoup, wanda ya wallafa babban littafi a kan wannan batu cikin shekarar 2005, ya ƙiyasta cewa mota takan shafe kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye. Ko'ina ta tsaya kuwa sai ta ci fili. Gurbin mota guda yakan kai faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar, in kuma aka haɗa da hanyar shiga da fita sai filin ya ninka. Wannan lissafi shi ne ya sa hukumar birnin Riyad, hedkwatar ƙasar Sa'udiyya, ta shiga wani dogon shiri na tsara wuraren ajiye motoci.

Kafin a fahimci shirin, ya kamata a waiwayi yadda birnin ya girma. Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya ƙwace ganuwar Masmak cikin 1902, Riyad ɗan ƙaramin gari ne na ginin ƙasa, kewaye da badala, lungunansa kuwa na masu tafiya a ƙasa ne da raƙuma da jakuna. Cikin 1950 aka rushe badalar, sa'an nan cikin shekarun da suka biyo baya aka mai da ma'aikatun gwamnati can, aka gina sabuwar unguwar Malaz domin ma'aikata. Ganin garin yana ta bazuwa, sai gwamnati ta ɗauko kamfanin wani masani ɗan ƙasar Girka, Constantinos Doxiadis, wanda ya zana birnin Islamabad na Pakistan. Taswirar da aka kammala a farkon shekarun 1970 ta yanka Riyad gida gida, kowane yanki kilomita 2 tsawo da faɗi, manyan tituna sun kewaye shi. Watau tun daga tushe an gina birnin ne a kan cewa kowa zai yi zirga-zirga da mota.

Masu taswirar sun yi hasashen cewa mutanen birnin za su kai miliyan 1.4 a shekarar 2000. Sai ga farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo cikin 1973, kuɗi suka kwararo, jama'a suka yi ta tururuwa daga ƙauyuka da ƙasashen waje. Ƙidayar 2004 ta sami mutum fiye da miliyan 4 a Riyad, ta 2022 kuma ta sami kusan miliyan 7. Mai yana da araha, zafin rani yakan wuce digiri 40, ga nisa tsakanin gida da wurin aiki, saboda haka mota ta zama tilas ga duk mai halin saye. Daga watan Yuni na 2018, da aka ba mata izinin tuƙi, masu neman wurin tsayawa suka ƙaru.

Shekara da shekaru bakin titi kyauta ne a yawancin unguwanni. Abin da babu kuɗi a kansa kuwa, wanda ya riga zuwa shi ke cinye shi. Ma'aikacin ofis yakan ajiye motarsa a ƙofar kanti tun da safe har la'asar, mai sayayya ya zo ya rasa gurbi, sai ya tsaya a layi na biyu ya tare hanya, ko ya yi ta kewaya yana ƙara cunkoso. Wanda ya gaji da kewaya sai ya kutsa cikin unguwa ya tsaya a ƙofar gidan wani. Da haka mai kanti ya yi hasarar ciniki, mai gida kuma ya dawo daga aiki ya tarar baƙo ya riga shi.

Cikin shekarar 2024 hukumar birnin, ƙarƙashin magajin gari Yarima Faisal bin Abdul'aziz bin Ayyaf, ta ƙaddamar da shirin da ake kira Mawaƙif ar-Riyad. Kamfanin Remat, wanda hukumar ta kafa domin ayyukan raya birni, shi ke riƙe da shirin, tare da wani reshe na kamfanin sadarwa na stc. Zangon farko ya ƙunshi gurabe fiye da 24,000 a titunan kasuwanci, da fiye da 140,000 a unguwannin zama da ke maƙwabtaka da su, cikin yankuna 12, har da Wurud, da Rahmaniyya, da Muruj, da Sulaimaniyya. A titin kasuwanci ana biya ne gwargwadon daɗewa. An fara da riyal 3.45 a sa'a guda, minti 15 na farko kuwa kyauta ne, domin mai ɗan uzuri ya sauka ya gama ya wuce. A unguwannin zama kuma, mazauna da baƙinsu suna karɓar izini ta manhajar wayar hannu.

Hikimar tsarin tana cikin haɗa waɗannan abubuwa biyu. Da an sa kuɗi a babban titi kaɗai, da motocin sun gudu zuwa lungunan unguwa, matsala ta koma ƙofar magidanta. Shi ya sa guraben unguwa da aka tsara suka ninka na kasuwa kusan sau shida. Dabarar biyan kuɗin tsayawa dai tsohuwa ce, gama tun 1935 aka kafa na'urar farko ta karɓar kuɗin a birnin Oklahoma na Amurka. Japan kuwa ta bi wata hanya, tun 1962 dokarta ta wajabta wa mai sayen mota a birane ya nuna shaidar inda zai ajiye ta.

To, amma sa kuɗi ba tare da wata mafita ba haraji ne kawai a kan wanda ba shi da zaɓi. A nan ne jirgin ƙasa na cikin gari ya shigo. An fara gina shi cikin 2014, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba 2024. Yana da layuka 6, da tashoshi 85, da tsawon kilomita 176, jiragen kuma ba su da direba. Tun 2023 aka riga aka zuba manyan motocin safa na birni. A wasu tashoshin an tanadi filayen ajiye motoci, domin mutum ya bar motarsa a gefen gari ya ƙarasa tsakiya a jirgi. Kowace mota da ta tsaya a can, gurbi guda ne aka sauƙaƙa wa titunan Ulayya.

Har ila yau akwai tambayoyin da lokaci ne zai amsa su. Mutumin da gidansa ke nesa da tasha, yaya zai kai gare ta cikin zafin watan Yuli? Ƙaramin ma'aikaci da ke wuni a wurin aiki, nawa kuɗin tsayawa zai ci daga albashinsa a wata? Kuɗin da ake tarawa kuma, za a gan su a gyaran hanyoyin masu tafiya a ƙasa da dashen itatuwan inuwa? Amincewar jama'a da shirin ta rataya ne a kan waɗannan amsoshi, ga shi kuwa birnin zai karɓi babban bajekolin duniya cikin 2030, ƙasar kuma za ta karɓi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya cikin 2034.

Wanda ya taɓa neman wurin tsayawa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano ba zai ji labarin nan baƙo ba. Riyad tana da dukiyar da ta gina layukan jirgi shida cikin shekara goma domin gyara abin da taswirar farko ba ta hango ba. Biranen da ba su da irin wannan dukiya, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su keɓe filayen ajiye motoci da na tashoshi tun filin bai yi tsada ba, su kuma tsara bakin titi tun jama'a ba su saba da ɗaukarsa a matsayin gadonsu ba. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.