ZAƁEN KYAMARAR DIJITAL: WANE KAMFANI ZA A BI?



Wataƙila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe yana magana a kan kyamara. Dalili kuwa shi ne, yau da mai nazarin al'ada, da mai bin sawun rubuce-rubucen ajami, da jami'in watsa labarai na ma'aikata, dukansu ba su da makawa sai sun riƙe ta. Kuɗin da ake kashewa wajen sayenta kuwa, na aljihu ne ko na baitulmali, ba ƙanana ba ne.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wacce ta fi kyau tsakanin Canon da Nikon da Sony? A ganina, wajen kyan hoto waɗannan kamfanonin Japan uku sun yi kunnen doki. Abin lura yana wani wuri dabam. Sayen kyamara kamar aure yake, Bahaushe kuwa ya san ba yarinya kaɗai ake aura ba, har da danginta.

Bari in fayyace. Babbar kyamara kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, inda allon karɓar haske yake, wato sensa, wanda ya maye gurbin fim. Akwai kuma gilashin da ake ɗaurawa a gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens. Tsakaninsu akwai baki, inda suke haɗuwa, kuma galibi kowane kamfani da irin nasa bakin. Saboda haka gilashin Nikon ba ya hawa jikin Canon kai tsaye. Gangar jiki takan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yakan yi shekara ashirin yana aiki, kuma a kansa yawancin kuɗin mutum ke taruwa. Ashe ke nan wanda ya zaɓi kamfani, baki ya zaɓa.

Tarihi ya nuna muhimmancin wannan. Nikon ya fito da bakinsa mai suna F a 1959, ya riƙe shi shekaru aru-aru. Canon kuwa a 1987 ya watsar da tsohon bakinsa na FD ya koma EF, masu tsofaffin gilasai suka ji a jikinsu. Sony ya gaji sashen kyamara na Konica Minolta a 2006, ya fito da bakin E a 2010, sannan a 2013 ya kawo A7, kyamara maras madubi a ciki mai cikakken sensa na milimita 36 da 24. A 2018 Canon da Nikon suka bi sahu da sababbin bakuna, RF da Z, suka kuma tanadi zoben haɗi don tsofaffin gilasansu su ci gaba da aiki.

Haka nan kamfani yakan janye daga kasuwa. Samsung ya soma jerin NX a 2010, bayan 2015 bai sake fitar da sabuwa ba, aka bar waɗanda suka tara gilasansa riƙe da marayu. Girman suna ma ba ya hana faɗuwa. A kamfanin Kodak na Amurka ne injiniya Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 kamfanin ya bayyana karayar arziki.

To, me mai saye zai duba? Na farko, aikin da ke gabansa. Mai ɗaukar hawan salla yana bukatar gilashi mai jawo nesa da kyamara mai saurin kama abin da ke gudu. Mai ɗaukar takardun ajami kuwa gilashin kusa yake bukata, da ƙafa uku ta ɗora kyamara, da haske madaidaici. Kada yawan megafiksel ya ruɗe shi, domin 24 sun isa a buga hoto mai girman takardar A3 tsaf.

Na biyu, dangin kyamarar a inda yake zaune. Ya zaga kasuwa ya ga gilashin wane kamfani ake samu, sabo da na hannu, da batirinsa, da mai gyaransa. Ya tambayi kuma abin da abokan aikinsa ke riƙe da shi, don a iya aron juna. A nan Sony yana da wata fa'ida, domin tun 2011 ya buɗe wa wasu kamfanoni bayanin bakinsa, shi ya sa gilasan Sigma da Tamron masu rangwamen kuɗi suka yawaita gare shi.

Na uku, yanayinmu. Ƙurar hunturu abokiyar gabar sensa ce, musamman a kyamara maras madubi, inda yakan kasance a buɗe da zarar an cire gilashi. A nemi jiki mai toshewar ƙura, a kuma riƙa ajiye batir na biyu saboda halin wutar lantarki.

Daga ƙarshe ina kira ga masu sayo wa ma'aikatu kaya. Kafin a sa hannu a takardar saye, a buɗe sito a ga gilasan da ake da su. Ma'aikatar da ta sayi Canon bana, Nikon baɗi, Sony baɗin baɗaɗa, ta sayi kaya uku da ba sa ga maciji da juna, da kuɗin talakawa. A tsaya kan baki guda, a sayi jiki matsakaici, a zuba sauran kuɗin a gilashi mai kyau.