Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Faifan Waƙoƙin Salihu Jankiɗi, Gusau

 

Mai martaba Sarkin Katsinan Gusau, mai martaba 'Yandoton Tsafe, mai martaba Sarkin Fulanin Bungudu, Allah ya ja zamaninku. Hakimai, malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, zuri'ar marigayi, makaɗa da 'yan amshi, 'yan jarida, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa.

Wanda muka taru dominsa ba baƙo ba ne. Ɗan Rawayya ne a ƙasar Bungudu. Daga nan ya ɗauki taushi har fadar Sakkwato, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Zubin waƙarsa, nauyin kalmarsa, iya jan amshi, sanin asalin gidajen sarauta, duk malamai sun yi bayani, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau har littafi guda ya rubuta a kansa. Ƙasar da ta haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi ba a koya mata kiɗa.

Magatakarda ya rubuto mini shafi huɗu na jawabi. Zan ajiye su, ya yi haƙuri.

Maganata kuɗi ce. Yaronmu a Gusau zai danna waya ya ji Alpha Blondy na Kwaddibuwa tas, kamar a gabansa yake rerawa. Ya nemi Jankiɗi kuwa, sai ƙugi da shashsheka, don daga tsohon kaset aka kwafo. Sauran kaset ɗin suna cikin akwatunan dattawa a Tsafe da Kwatarkwashi, zafi na cin su, masu su na rasuwa, magada na zubarwa. Kwashe su zuwa kwamfuta aiki ne na na'ura da mai, da ladan yaran da za su bi ƙauyuka, da malamin da zai rubuta baitocin. Ba a yin wannan da tafi.

Na san halinmu a ƙaddamarwa. Mutum ya karɓi lasifika ya ce miliyan, sanƙira ya yi masa kirari, a watse, a neme shi a waya a rasa. Kai mai dariya a baya can, da kai nake! Yau ba na karɓar alkawari. Ga tebur, ga ma'aji, ga rasit. Mai dubu biyar a hannu ya fi mini mai miliyan a baki.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan faifai. Allah ya jiƙan Sarkin Taushi, ya ba Zamfara lafiya. Ma'aji, buɗe littafinka, ni zan fara.