BAƘIN CIKI BA YA KARYA ALƘALAMI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa a Ƙaura Namoda, wanda 'yan'uwa daga Shinkafi da Zurmi suka halarta.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da Alayensa da Sahabbansa.

'Yan'uwa, da wuya a sami wanda ke zaune a nan da bai ɗauki makarar wani nasa ba a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum sama da 50 a ƙauyukan Zurmi. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi. To amma akwai wata asarar da ba a ƙirga ta, wato hannuwan da suka mutu alhali masu su na raye. Akwai mai rubuta Alƙur'ani da ka wanda tawadarsa ta bushe a kurtu. Akwai mai zayyanar allon sauka da ya jingine allo. Akwai sha'irin da bai sake haɗa baiti ko ɗaya ba. In ka tambaye shi sai ya ce zuciya ta ƙi, ko kuma yana jin kunyar ya ji daɗi alhali ɗan'uwansa na kabari.

Kuka ba laifi ba ne. Manzon Allah (S) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma shari'a ta yanka wa zaman makoki iyaka: kwana 3, in ban da matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10. Ke nan addini bai yarda mutum ya binne baiwarsa tare da mamacinsa ba.

Mu dubi magabatanmu na wannan ƙasa. A shekarar 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, jama'ar Shehu Usmanu ta rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Alkalawar nan ce aka ci a 1808, kuma Namoda, wanda garin nan ke amsa sunansa, yana cikin jagororin yaƙin. Malam Abdullahi na Gwandu ya rasa abokansa na karatu a yaƙe-yaƙen nan, abin kuma ya yi masa ciwo ƙwarai. Me ya yi? Ya yi masu marsiyya, ya tara waƙoƙinsa a littafin Tazyinul Waraƙati a 1813, daga baya ya rubuta tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda ake karantawa har yau.

Haka Nana Asma'u. Ta rasa mahaifinta Shehu a 1817, ta rasa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello a 1837, ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo marsiyya, ta ci gaba da waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana karantar da matan karkara ta hannun 'Yan Taru har Allah Ya karɓi ranta a 1864. Da ta yi shiru, da wa zai gaya mana halin waɗancan bayin Allah?

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka jira sai zuciya ta sake kafin ka fara. Fara tukuna, sakewar tana biyo baya. Jiƙa tawada, fiƙe alƙalami, rubuta layi ɗaya bayan Asuba. Kai sha'iri, fara da marsiyyar wanda ka rasa, faɗi sunansa da ƙauyensu da kyawawan halayensa, domin kada a mayar da shi lamba kawai a cikin labarai. Kai mai zayyana, nemi marayan da ya kusa sauka ka ƙawata masa allo kyauta. Kuma kada ka zauna kai kaɗai, ku haɗu biyu ko uku kuna duba aikin juna.

Ranar da ka ji daɗin aikin ya dawo, kada ka tsargu. Ba cin amanar mamaci ba ne, ni'ima ce daga Allah (T), sai ka yi godiya ka yi wa mamacin addu'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kawo mana zaman lafiya a wannan yanki namu.