Hoto ya ɗauke? Kar a yi saurin zargin dikoda

Jama'a masu saurare, na rugage da na kasuwannin iyaka, yau maganar dish ce, wato parabol a bakin mutanen Maraɗi da Ƙonni. Damina ta kankama, kuka kuma ɗaya ne: hoto na yankewa.

To, in ruwa ake tafkawa, ku ƙyale shi. Ruwa mai ƙarfi yana tare siginar tauraron ɗan'adam, da ya tsagaita hoto zai dawo. Don Allah kar wani ya hau rufi ana tsawa.

In gari ya washe amma shiru, a shiga menu a duba layin ƙarfi da na inganci. Ƙarfi na nan, inganci ya faɗi? Galibi iska ce ta karkatar da farantin, ko faɗin yatsa ya goce ya isa. In duka biyun sun faɗi, ku bi waya. Sau da yawa ruwa ne ya shiga bakinta wajen LNB ya yi tsatsa, ko akuya ta tauna ta. A yanke, a sa sabon baki, a naɗe da salatif.

Masu sola, batir mai rauni yana sa dikoda ta riƙa kashe kanta. Ku duba shi tukuna kafin ku biya kuɗin mota zuwa Jibiya wurin mai gyara.